Wasiƙa zuwa ga Sanusi kan kwamfutarsa da ta koma jan ƙafa

Birnin Kebbi

Aminina Sanusi,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da maiɗakinka da yara, da kuma aikin da ya ɗauke mana kai zuwa Fatakwal. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara da ya kankama, kafin azahar an haura digiri 40.

Na ga saƙonka cewa tun da ka ɗora Windows 11 kwamfutarka ta koma jan ƙafa, har wani ya ba ka shawarar ka sayar da ita. Don Allah kada ka yi gaggawa. Canjin da ka yi daidai ne, tunda Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Ni a zatona furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfutar, ita ce take rage gudunta da kanta, kuma irin wannan yakan gyaru da kuɗi kaɗan, wani lokacin ko sisi ba za ka kashe ba.

Danna Ctrl da Shift da Esc lokaci guda, Task Manager zai buɗe. Shiga Performance, ka zuba ido a kan Speed yayin da kake wani aiki mai nauyi. Taka Core i5 ce ta zubi na takwas, ya kamata ta haura 3 GHz idan aiki ya taso. In ta haura, bayan 'yan mintuna kuma ta sauko fanka na ta kuka, to zafi ne. In kuwa tun daga kunnawa ta kafe a 0.79 ko 0.39 GHz, ko da jikinta da sanyi, ka nemi matsalar wajen caja ko batir.

Na fi zargin zafi, don na san inda kwamfutar nan ta rayu. Ta sha ƙurar hunturun Kebbi shekara da shekaru, kuma ban taɓa jin ka ce an buɗe ta ba. Ƙurar takan dunƙule kamar audugar katifa tsakanin fanka da ƙarafan da iska ke bi ta fita. Furosesar Intel kuwa idan ta doshi digiri 100 sai ta rage gudu don kada ta lalace. Za ka ce me ya sa sai yanzu? Ai ɗora sabon Windows aiki ne mai nauyi, bayansa kuma kwamfuta takan yi kwana ɗaya ko biyu tana jera fayiloli da sauko da sabuntawa a ɓoye, sai ciwon da ya daɗe a kwance ya fito fili. Sauko da manhajar HWiNFO, kyauta ce, za ta nuna maka zafin. In ya yi yawa, kai wa mai gyara ya share ƙurar, ya goge busasshen man da ke kan furosesa ya shafa sabo. Kuma ka daina ɗora ta a kan gado, ƙofofin iskarta a ƙasa suke.

Maganar caja mutane sun raina ta, alhali tana wahalar da su ƙwarai. Kwamfutoci da yawa na Dell da HP suna tantance cajarsu ta wani ɗan tsinke da ke tsakiyar bakinta. Idan tsinken ya lanƙwashe, ko cajar ta kasuwa ce marar inganci, ko an sa mai wat 45 inda ake buƙatar 65, kwamfuta sai ta ƙi sakin gudu ko da fitilar caji na ci. Ari caja ta asali mai ƙarfi daidai da taka ka gwada. Sannan ka kashe kwamfutar, ka zare caja, ka riƙe maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30. Za ka ji masu cewa a sa manhajar ThrottleStop a kashe siginar BD PROCHOT. Gudu kan dawo, amma ban so ka yi ba, domin wannan siginar ita ce hanyar da batir ko wani sashe ke kai kukansa.

Saitin Windows ba shi da wuya. A Settings, ƙarƙashin Power & battery, mai da Power mode zuwa Best performance. A Power Options na Control Panel ka tabbata Maximum processor state yana kan 100, domin ko 99 ne yakan hana furosesa kaiwa ƙololuwarta. Daga nan ka je shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ka sauko da direbobinta na Windows 11, wato manhajojin da ke tafiyar da sassanta, da sabon BIOS, manhajar da ke tayar da ita idan an kunna. Kada ka taɓa BIOS sai batir ya cika kuma wuta ta tsaya daram, don in ta mutu ana tsakar aikin, gyaran zai fi wannan tsada nesa ba kusa ba.

Ka lura kuma, kwana 10 kacal Windows ke bayarwa na komawa Windows 10 ta sashen Recovery na Settings, amma ka bar wannan a ƙarshe.

Turo min hoton Task Manager da na rubutun da ke bayan cajarka a WhatsApp, in gani kafin ka biya kowa. Mutanen majalisa suna gaishe ka, suna tambayar ko za ka zo babbar sallah. A shafa min kan yara.

Naka,
Aliyu