Zuwa ga ɗan'uwan da ya tambaye ni kan sayen hannun jarin banki ana cikin rikici

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka tambaye ni a gaban jama'a wai idan ƙasa mai tasowa ta shiga rikicin siyasa, hannun jarin bankunanta ya karye, ba lokacin saye ba ne tunda ya yi araha? A gaban jama'a ka tambaya, to a nan zan ba ka amsa, don ba kai kaɗai wannan arahar ke ja ba.

Gaskiya ni abin da nake fara dubawa ba farashin ba ne. Rahoton shekara na bankin nake buɗewa in je wajen da aka jera kadarorinsa, in sa yatsa a layin takardun bashin gwamnati, in ga kashi nawa ne. Domin a irin waɗannan ƙasashe sau da yawa babban mai cin bashin banki gwamnati ce, kenan kai da ka sayi hannun jarin kusan gwamnatin nan da ke tangal-tangal ka ba rance ba ka sani ba.

Dubi Labanon. Ran 17 ga Oktoba 2019 zanga-zanga ta ɓarke, bankuna suka rufe wajen sati biyu, da suka buɗe sai suka taƙaita cire dala, a Maris 2020 gwamnati ta kasa biyan bashinta, kuma kuɗin mutane can bankunan suka jibge shi a wajen gwamnati da babban banki, shi ke nan dattijo da ajiyar shekara talatin yana layi a ƙofar banki ana tsakura masa kuɗinsa. In mai ajiya ya ga haka, ina ga mai hannun jari, wanda shi ne na ƙarshe a layin biya? Ajantina ma a Disamba 2001 peso 250 kawai aka yarda mutum ya cira a sati, shugaban ƙasa ya sauka, daga baya aka juyar da ajiyar dala zuwa peso ko kana so ko ba ka so.

Sannan kar ka ce ai in ta yi zafi sai in sayar. Wa zai saya? A Masar lokacin juyin 2011 kasuwar hannun jari kusan wata biyu ta yi a rufe.

Ga kuma karyewar darajar kuɗi, riba a takarda, in ka canza ka ga asara.

Ban ce haramiyarka ba ce fa, akwai waɗanda suka saya ana tsoro suka ci riba. Amma wallahi in kuɗin hayar gida ne ko na makarantar yara, kar ka taɓa. In rarar da za ka iya mantawa da ita shekara biyar ce, sa kaɗan, ka raba ƙafa, kuma ka fara turo min wancan layin na bashin gwamnati mu duba tare.