Kyautar biki da hannunka: a zaɓi abinda ba ya saurin lalacewa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Dan Allah ka ɗan bani fili a wannan jarida tamu in yi magana kan kyautar da ake rabawa lokacin bukukuwa, dan duk sanda biki ya matso zaka ga mutane sun shiga tunanin me za su ba ƴan uwa da maƙwabta da abokan aiki, wasu har bashi suke ci dan su sayi kwalin cakulan ko biskit na kanti, alhali kuɗin kwalin da na talla duk suna cikin abinda suka biya. Ni a ganina kayan ƙwalama da mutum ya haɗa da hannunsa sun fi araha kuma sun fi shiga rai, babu wani abin kunya a ciki. Inda ake samun matsala shine zaɓin abinda za a haɗa. Mutum zai kwana yana yin kek mai kirim, washegari ya kai, kafin a buɗe kirim ɗin ya narke ko ya fara tsami. Duk abinda ke da madara ko kirim ko ɗanyen ƙwai ba na rabo bane, na ci ne a take. Kyauta tana son abu busasshe wanda zai yi kwanaki a ajiye.

Mafi sauƙi da na sani shine biskit ɗin bota irin na ƴan Sikotlan. Kaya uku ne kawai kuma ma'auninsa ba ya ɓacewa mutum, 1 da 2 da 3: sikari giram 100, bota giram 200, fulawa giram 300, sai ɗan gishiri. Babu ƙwai babu yis. A buga bota da sikari su haɗu, a zuba fulawa a haɗa da hannu amma kar a yi ta murza shi, in an murza da yawa biskit ɗin tauri zai yi maimakon ya dinga narkewa a baki. A bar ƙullin ya huta a wuri mai sanyi kamar minti 30, a yanka, a gasa a wuta mara ƙarfi wajen digiri 160 na kusan minti 20, da gefensa ya fara canza launi a sauke. In bota ya yi tsada majarin ma yana yi, sai dai a nemi mai tauri, mai laushin nan na shafa burodi ruwa ya masa yawa.

Na biyu kuma alawar sikari da gyaɗa, ita ce ma tafi arha amma tafi buƙatar nutsuwa. Sikari da ɗan ruwa a tukunya mai kaurin gindi, a juya har ya narke, da ya fara tafasa toh a ajiye cokali, dan juyawa a lokacin ne ke sa shi ya koma tsakuwa-tsakuwa. Ɗigon lemon tsami kaɗan yana taimakawa wajen hana hakan. Ana so ya kai wajen digiri 150, kuma ba sai da na'urar auna zafi ba, a ɗiga kaɗan a kofin ruwan sanyi, in ya dunƙule da laushi bai yi ba tukuna, in ya yi zare ya karye ƙas toh ya kai. Nan take a zuba gasasshiyar gyaɗa da ɗan bekin soda, zai yi kumfa, kumfar ce ke sa alawar ta yi garas-garas ba ta karya haƙori ba, a juye a faranti da aka shafa wa mai a bar ta ta huce sannan a fasa. Dan Allah iyaye mata a fitar da yara daga kicin lokacin nan, tafasasshen ruwa digiri 100 ne, wannan ya wuce shi nesa kuma manne wa fata yake, ƙunarsa ba ƙarama bace.

Sai ajiya, wadda gaskiya nan ne aikin mutane da yawa ke zubewa. Sikari yana jan danshi daga iska, shi yasa alawar da aka bari a buɗe take yin danƙo, biskit kuma ya yi sanyi. Kar a ƙulle komai da ɗuminsa, tururin zai koma ruwa a cikin ledar. A bari ya huce sarai sannan a saka a kwalba ko gwangwani mai murfin da ke rufewa gam, kuma kar a haɗa biskit mai garas da kek a mazubi ɗaya, danshin kek ɗin zai koma cikin biskit. Tsofaffin kwalaben da ke gida sun isa, a wanke a tafasa su a shanya su bushe ƙarau, a ɗaura ɗan zare ko ƙyalle mai kyau a wuya shikenan. Kuma gara ka yi abu ɗaya ko biyu da yawa ka raba da ka ce sai ka yi kala biyar, kayan haɗin sun fi sauƙi in an saya a dunƙule, kai ma ba za ka galabaita ba.

Roƙona na ƙarshe wanda nafi damuwa da shi: a manna ƴar takarda a rubuta abinda ke ciki da ranar da aka yi. Akwai mutanen da gyaɗa ko kaɗan ce tana kumbura musu maƙogwaro ta toshe numfashi har sai an garzaya asibiti, akwai masu ciwon suga, kuma in an sa zuma a sani ba a ba jaririn da bai kai shekara 1 ba. Kai da ka kai kyautar baka san wa zai ɗauka ya ci a gidan ba, kayan kanti suna zuwa da rubutun su a jiki, namu na gida ma ya kamata su zo da nasu.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Wata mai karanta ku kullum