Rahoton Shekara ga Membobi: Inda Muka Kai a Binciken Asalin Gidajenmu na Zango

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaba, ranka ya daɗe. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata da maza, da sauran 'yan'uwa na nan Kumasi, da masu bin mu ta waya daga Akara, Tamale, Kano da ƙasashen Turai, ga bayanin abin da ƙungiya ta yi a shekarar da ta ƙare, kamar yadda kwamitin gudanarwa ya ɗora mini.

Da ta'aziyya zan fara. Mun yi rashin dattawa a bana, Allah ya jiƙansu, ya sa Aljanna ce makomarsu. A cikinsu akwai wata Hajiya da matasanmu suka zauna da ita sau ɗaya, ta lissafo musu gidajen fatake na unguwarsu tun tana yarinya, ta ce su dawo bayan Sallah ta ba su labarin kakarta. Allah bai nufa ba. Wannan rashi ne ya sa kwamiti ya juya tsarin aikinsa a tsakiyar shekara: ɗaukar muryar tsofaffi ya koma gaba da komai, zuwa gidajen adana takardu ya biyo baya. Takardar da ke Akara za ta jira mu zuwa baɗi in sha Allah, mai shekara tamanin da biyar kuwa ba mu da wannan tabbaci a kanta.

Zaman wata-wata ya ci gaba bayan la'asar yadda aka saba, in ban da watan azumi. Wanda ya fi cika shi ne na hanyar Gwanja, ranar da muka shimfiɗa taswira a tabarma kowa ya nuna inda aka ce masa kakansa ya biyo. Ayarin goro kan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da rani, da jakuna ɗauke da kanwa, tufafin rini da kayan fata, madugu na jan ragama, jagaba na gaba. Wasu su ƙetare Kwara su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, wasu su bi ta arewa, ta ƙasar Gurma da Sansanin Mango su faɗo Yendi, duka dai Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, aka nufa. Tafiyar watanni ce, komawa ma haka. Amfanin wannan ga mai bin salsala shi ne, ba kowa ne ya iso a tafiya ɗaya ba. Wani ya yada zango a hanya don damina ta kama shi, ya yi aure, ya haihu, ɗan ne ya ƙarasa Gwanja bayan shekara ashirin. Wani ɗan'uwanmu ya daɗe yana aika saƙo Kano ana neman gidan kakansa ba a samu ba, sai a bana wata gwaggonsa ta tuna cewa tsohon yakan ce a Jugu aka yanke masa cibiya. Jugu kuwa tana Jamhuriyar Benin a yau. Yanzu can ya mai da bincikensa.

A zaman kuma malam ya ja hankalinmu cewa isa Kano ba shi ne ƙarshen magana ba. Manyan fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, su ma baƙi ne a ƙasar Hausa da farko: na farkon biyu asalinsu na komawa wajen Buzaye, na ukun kuma Barno. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a Kano a 1955, Ba'agale ne, ya yi fataucin goro a wannan ƙasa, mahaifiyarsa ma ta zauna a Akara. Don haka muka ƙara layi a fom ɗinmu: bayan sunan gari, a tambayi dangi, a tambayi irin tsagar fuskar tsohon, a kuma tambayi da waɗanne mutane yake wasan barkwanci. Tsohuwar da ta manta sunan ƙauyen mijinta ba ta manta cewa shi da Zagezagi ba sa haɗuwa sai sun tsokani juna ba, wannan kuwa alama ce ta Bakano.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne shekaru. Iyayenmu ba su lissafi da kalandar Bature, da abin da ya faru suke lissafi. Sai muka haɗa jerin abubuwan da shekarunsu suka tabbata, muka raba wa masu ɗaukar hira: cin Kumasi da Turawan Ingila suka yi a 1874, yaƙin basasar Salaga a 1892, yaƙin Yaa Asantewaa a 1900, isowar jirgin ƙasa Kumasi daga Sekondi a 1903, annobar mura ta 1918, dawowar Sarkin Asante Prempeh daga tsibirin Seychelles a 1924, girgizar ƙasar Akara a 1939, da samun 'yancin Ghana a 1957. In tsoho ya ce ubansa ya zo yana saurayi kafin jirgi ya iso, an samu madafa. Takardun ajami da na Larabci kuma da shekarar hijira suke, wadda ta gaza ta Bature da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka, saboda haka kada a yi lissafi da ka, a kawo wa kwamiti a juya.

Wannan jeri ya gyara mana wani kuskure da ya yaɗu. Gidaje da yawa na cewa sun fi shekara ɗari biyu a Kumasi. Gaskiya ne akwai Musulmi a fadar Asantehene, wato Sarkin Asante, tun farkon ƙarni na 19, amma sarakunan Asante ba sa barin fataken arewa su shigo dajin goro, a Salaga ake tsayar da su. Bayan 1874 Salaga ta fita daga hannun Asante, kasuwa ta fara karkata zuwa Kintampo da Atebubu, sannan rikicin sarautar Kpembe a 1892, wato yaƙin basasar Salaga da na ambata, ya watsa garin, mutane suka bazu zuwa Kete-Krachi, Yeji, Akara da sauransu. Cikar zangon Kumasi da Hausawa sai bayan 1900. Gida na iya daɗewa a Gwanja ƙwarai, amma zamansa a Kumasi bai kai haka ba, kuma babu abin kunya a ciki. Haka nan wanda ke neman ainihin filin gidan kakansa ya tuna da annobar ɓeraye ta 1924, wadda bayanta aka rushe wani ɓangare na tsohon zango aka yi sabon gini.

Wakilanmu sun je Salaga, sun gaida limamai da masu unguwa, sun ga rijiyoyin garin da wurin da aka yi kasuwar bayi. Abin da suka dawo da shi ya jawo zama mafi zafi da muka yi a bana, kuma ina ganin shi ne mafi amfani. Salsalar da muke haddacewa ta maza ce: wane ɗan wane ɗan wane, har a kai Katsina. To, wa ya haife su? Falke bai cika zuwa da mace daga gida ba. Kakanninmu mata da yawa 'yan ƙasar nan ne, Dagomba da Gwanja da Mosi da Gurunsi, wasunsu kuma ba da son ransu suka shigo gidajen ba. Mayaƙan Zabarmawa ƙarƙashin su Gazari da Babatu sun yi shekaru suna kai hari ƙasar Gurunsi a ƙarshen ƙarni na 19, mutanen da suka kama da yawa a Salaga aka sayar da su. Babatu kansa a Yendi ya ƙare rayuwarsa. Wasu membobi sun ce a bar kaza cikin gashinta, tono wannan zai ɓata aure da zumunci. Na fahimci tsoronsu, ban raina shi ba. Amma ra'ayina, wanda na faɗa a zaman kuma nake maimaitawa a nan, shi ne matar da aka raba da garinsu tana ƙarama, ta haifi malamai da attajiran da muke alfahari da su, ba ta cancanci jikokinta su share sunanta daga takarda ba. Wata mamba ta miƙe ta ce kakarta na da tsaga irin wadda ba ta taɓa gani a fuskar Bahaushe ba, tana kuma rera wata waƙa in tana daka da harshen da babu mai ji a gidan. Ta rera mana abin da ta riƙe, muka ɗauka, yanzu muna neman mai jin harsunan arewa maso yamma ya saurara. An tsaya a kan cewa kowane fom zai ɗauki ɓangaren uwa daidai da na uba, amma ba za a karanta asalin kowa a bainar jama'a ba sai da yardar gidansu.

Ba duka kakanninmu ne fatake ba. Akwai jikokin soja, tun daga dakarun da Kyaftin Glover ya tara a Legas a 1863 aka kawo su yaƙin Asante, zuwa waɗanda suka yi yaƙin Togo da Kamaru da gabashin Afirka daga 1914, da 'yan yaƙin Bama. Matsalar takardun soja ita ce suna. Akawu kan rubuta sunan yanka ya liƙa masa sunan gari ko na ƙabila, sai ka ga Musa Kano ko Ali Gurunshi bila adadin, kuma an sa mutane da yawa cikin Hausawa don kawai da Hausa ake ba da umarni a bariki. Abin da ke raba gardama shi ne lambar soja. Duk mai lambar yabo ta kakansa a akwati ya duba gefenta ko bayanta, wasu an buga lamba da suna a jiki, ya kuma nemo takardar sallama in tana nan. Matasanmu sun koya wa iyaye yadda ake duba sunayen waɗanda suka mutu a yaƙe-yaƙen duniya biyu a shafin intanet na hukumar kula da kaburburan sojojin Commonwealth.

Ta fuskar takardu, mun fara aiki a ofishin PRAAD, hukumar adana takardun gwamnati, na nan Kumasi da ma'adanar takardun Manhyia, fadar Sarkin Asante, inda shari'o'in gado da na filaye suka fi komai amfani, domin a gaban alƙali mutum kan lissafo iyayensa da shaidu. Wani ɗalibinmu ya leƙa tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami na Cibiyar Nazarin Afirka a Jami'ar Ghana da ke Legon, wanda aka tattara a shekarun 1960. A can akwai ayyukan Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a 1934, gidajen malamai da dama a zangunanmu kuma ta kansa salsalar karatunsu ta biyo. Masu asali a Kete-Krachi su sani tsohon garin ya shiga ƙarƙashin tafkin Volta bayan gina madatsar Akosombo, don haka sai dai a bi mutane, ba kufai ba. 'Yan'uwa na Najeriya sun yi alkawarin duba mana ma'adanar takardu ta ƙasa da Arewa House a Kaduna. Amma mafi yawan abin da muka samu a bana daga ɗakunan iyayenmu ya fito: sunayen 'ya'ya da ranakun haihuwa a bangon Alƙur'ani, ijazar ɗariƙa, wasiƙun ajami tsakanin maigida da abokin cinikinsa, tsohon fasfon aikin hajji. Hotonsu muke ɗauka a gaban mai su, mu mayar masa nan take. Ƙungiya ba ta riƙe takardar kowa.

Akwai gidajen da suka rufe mana ƙofa, kuma dole a faɗi dalili. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Ghana ta Firayim Minista Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. An sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, wasu da aka haifa a zango suka tafi ƙasar da ba su taɓa gani ba, wasu suka ƙona duk takardar da ke nuna inda iyayensu suka fito. A 1983 kuma Najeriya ta kori nata baƙin, wasu iyalan suka sake rabuwa. Wanda ya ga wannan da idonsa, in yaro ya zo masa da waya yana tambayar daga ina babansa ya zo, ba zai ga tarihi a ciki ba. Har yau ma ɗan zango kan sha tambayoyi in ya je neman katin ɗan ƙasa. Saboda haka muna sake jaddadawa: ba ma ba kowace hukuma ko jam'iyya abin da muka tattara, ba ma ba da shaidar zama ɗan ƙasa, kuma wanda ya ba mu hira yana da ikon cewa a rufe ta har bayan ransa. Masu ɗaukar hira su je tare da wanda gidan suka sani, su fara da gaisuwa da goro, kada su fito da waya sai an ba su izini.

An tambaya game da gwajin ƙwayar halitta da ake aika yawu ƙasar waje. Yana iya nuna yanki a dunƙule, yana iya haɗa ka da wani dangi in shi ma ya yi, amma ba zai faɗa maka unguwarku a Katsina ba. Malamai sun tunatar cewa nasaba a shari'a ta aure ce. Ƙungiya ba ta hana ba, ba ta kuma sa kuɗinta.

Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi dalla-dalla a taron shekara, bayan masu bincike sun duba. A taƙaice, kuɗin wata da gudummawar 'yan'uwa na waje sun ɗauki tafiyar Salaga da sayen ma'ajiyar kwamfuta guda biyu, ɗaya a wurin shugaba ɗaya a wurin ma'aji. Bashin kuɗin wata ya yi yawa, muna roƙo a biya.

A shekara mai kamawa muna buƙatar mata cikin masu ɗaukar hira, domin akwai maganar da tsohuwa ba za ta yi a gaban namiji ba. Muna neman masu karanta ajami su zauna da matasa su juya wasiƙun da muka ɗauka zuwa boko, da mai jin Faransanci da zai raka wakilai Jugu da Mango in kuɗi ya samu. Duk mai tsoho ko tsohuwa a gida da ya haura saba'in ya ba kwamiti suna a taron shekara, a sa masa rana kafin azumi. A wannan taro ne kuma za a sabunta kwamitin gudanarwa, mai son tsayawa ya sanar da shugaba tun da wuri.

Allah ya saka wa duk wanda ya buɗe mana ƙofarsa da alheri.

Wassalamu alaikum.
Magatakardan Ƙungiya