Wasiƙa daga Damagaram

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya aiki, ya zafin Arlit? Mu nan Damagaram sai godiya, ko da yake rana tana dukanmu, ga wahalar ruwan da ka sani.

Na ga saƙonka kan ɗiyarmu mai shirin jarrabawar BEPC ta gama kwaleji, cewa lambobin nan da ake rubutawa da goma mai ƙaramar lamba a kanta sun tsaya mata a wuya wajen tarawa da ɗebewa. Ka ce kai ma an bar ka a baya. To ga abin da za ka nuna mata.

Kafin komai ta dubi ƙananan lambobin da ke kan goma. In iri ɗaya ne, aiki ya zo da sauƙi: 3,2 × 10⁵ da 4,1 × 10⁵ sun zama 7,3 × 10⁵. Lambobin gaba (3,2 da 4,1) kawai ake tarawa, goma da abin da ke kanta a bar su yadda suke. Yara da yawa sukan haɗa 5 da 5 su rubuta 10¹⁰, alhali wannan dokar ninkawa ce.

In sun bambanta, sai an daidaita su tukuna. Ai ko a Kasuwar Dole ba wanda zai haɗa jika uku da dala biyar ya ce takwas. Ɗauki nisan rana daga duniya, kusan kilomita 1,5 × 10⁸, da na wata, kusan 3,84 × 10⁵. Tazarar 8 da 5 uku ce, don haka ta ja waƙafin na wata gida uku zuwa hagu, ya koma 0,00384 × 10⁸. Jimla 1,50384 × 10⁸. Ka ga duk nisan wata da ƙyar ya motsa lambar! Ni na fi son a mayar da ƙaramar zuwa babbar, don amsa takan fito a shirye.

Sai ta duba ƙarshe: lambar gaba kada ta kai 10, kada kuma ta gaza 1. Misali, 5,2 × 10⁶ a ɗebe 4,9 × 10⁶, saura 0,3 × 10⁶, amma 3 × 10⁵ za ta rubuta. Nan ne ake asarar maki a banza.

Ta yi wasu da hannu, ban da kalkuleta, ka ɗauko hoton takardar ka turo mini in duba. A gai da uwargida da yara. Tsohuwa na gaishe ka, tana tambayar ko za ku zo Babbar Sallah.

Naka,
amininka na Birni