Wasiƙa zuwa ga Sadisu, kan samudawan da suka maƙale a dajin Amazon

Salamu alaikum Sadisu mutumina,

Da fatan kana lafiya, ya jikin Hajiya, ya madam da yara, ya Zariya da hunturu. Na san zaka ce na yi shiru da yawa, wallahi ba mantuwa bace, karatu ne da aikin dare suka haɗe min, ga sanyin Michigan ɗin nan tun shigowar Disamba ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufe, mutum daga aji sai ɗaki. To amma yau dai nace sai na zauna na rubuto maka doguwa, don akwai abinda yake ta cin raina kusan wata biyu kuma duk wanda zan gaya wa a nan ba zai gane shi yadda kai zaka gane ba.

Ka tuna kaset ɗin katun da yayanka ya taho dashi daga Legas, wanda muke kallo a zauren gidanku in an kawo wuta, mai jiragen yaƙin nan da suke rikiɗa su koma mutum-mutumin ƙarfe? Robotech. Sai da na zo nan na san ashe katun uku ne daban daban na Japan wani kamfanin Amurka mai suna Harmony Gold ya ɗinke su ya mai dasu labari ɗaya a 1985, shiri kashi-kashi har 85 gaba ɗaya, mu kuma na farkon muka fi gani wato Macross, kuma ko shi ba mu taɓa ganin ƙarshensa ba tunda kaset ɗin ya tsinke. To a 1986 wani kamfani da yake nan jihar da nake, Palladium Books, ya fitar da littafin wasa a kan labarin, Kevin Siembieda ne ya rubuta. Ba wasan kwamfuta bane fa, ba kuma na waya ba. Mutane ne huɗu ko biyar zasu zauna a tebur da takarda da fensir da dayis, mutum ɗaya shine mai jan labari, shi zai ce ga inda kuke ga abinda kuke gani, sauran kowa yana da jarumi ɗaya da ya ƙirƙira ya rubuta ƙarfinsa da iliminsa a takarda, sai ya faɗi abinda jarumin nasa zai yi. Kamar tatsuniya ce amma masu sauraro su ke yanke abinda Gizo zai yi, in abin mai haɗari ne a jefa dayis a ga ko ya yi nasara. Na san tambayar da zata fara zuwa bakinka, a'a ba caca bace, ko sisi ba a sawa, babu ma wanda yake cin wani, duk tare ake.

Wani shagon tsofaffin littattafai na shiga neman littafin karatu sai na ga uwar littafin da wani siriri na ƙari a ɗaure tare da roba, dala goma sha biyu duka, bangon ya ɗan cinye. Na ƙarin sunansa Zentraedi Breakout, na 1994. Shi baya tsayuwa shi kaɗai sai da uwar, don a can ne dokoki suke, shi fili kawai yake baka da mutanen da ke ciki da rigimar da ke tsakaninsu. Kuma filin ne ya kama ni.

Bari na tuna maka inda labarin ya kwana tunda bamu gani ba. A labarin, ƙaton jirgin nan na sararin samaniya, SDF-1, ya faɗo duniya a 1999, 'yan Adam suka shekara goma suna gyara shi, Zentraedi suka biyo sawunsa a 2009, waɗannan ƙattin kamar samudawa, tsayin mutum ɗaya ya kai mita goma ko fiye. A 2011 babban kwamandansu Dolza ya kewaye duniya da jirage sama da miliyan huɗu ya yi mata ruwan wuta, mafi yawan mutane suka mutu, amma duk da haka aka ci shi da yaƙi saboda wasu daga cikin nasa irin su Breetai sun juya sun koma ɓangaren 'yan Adam. To an gama yaƙi, sai me? Jiragensu da suka faɗo suna nan birjik a doron ƙasa da sojoji a ciki da ransu. Wasu sun yarda an ƙanƙantar dasu zuwa girman mutum sun shiga gari suna aiki, wasu sun gwada sun kasa, wasu tun farko suka ƙi, suka tattara a Kudancin Amurka cikin dajin Amazon inda jirgin sama baya ganin abinda ke ƙarƙashin bishiyoyi, sojojin duniya wato RDF suka ja musu layi suka kewaye yankin da sansanoni. Littafin a kan wannan kewayen yake da yunƙurin da suke yi na ɓallewa.

Abinda ya tsaya min a wuya Sadisu shine su waye waɗannan mutanen. Ba haifarsu aka yi ba, a tanki aka ƙera su, iyayengijinsu suka yi su don yaƙi kawai, maza daban mata daban basa haɗuwa, basu san uwa ba basu san waƙa ba, ka tuna yadda suke rikicewa in sun ji waƙar Minmei, mawaƙiyar nan ta cikin katun ɗin, muna ta dariya a zaure. Ko gyaran kayan yaƙinsu ba a koya musu ba, da gangan, don kar su iya rayuwa ba tare da masu su ba. Ka ɗauki mutum irin wannan ka jefa shi daji, rundunarsa ta ƙare, babu mai bashi umarni, babu hanyar komawa, ciki kuma irin na wanda ya kai mita goma, kace masa ya ajiye bindiga. Ya ajiye ya ɗauki me? Muna yara mu dai jirgin Rick Hunter, jarumin katun ɗin, muke jira ya rikiɗa ya harbe su, yanzu da na karanta sai naji ƙirjina yayi nauyi.

Mu biyar muke haɗuwa duk Asabar a ɗakin wani abokin karatuna ɗan Yaman a Dearborn, matarsa tana mana shayi mai citta, in la'asar tayi mu biyu mu tashi muyi sallah sauran su jira. Akwai wata nas, akwai ƙaninta, sai wani dattijo maƙwabcinsu tsohon soja ne makanike, yayi aiki a Iraƙi, baya yawan magana. Ni suka ba jan labarin tunda littafin nawa ne. Ɗan Yaman ya ɗauki Veritech, jirgin yaƙin nan mai rikiɗa, wanda yake da siffa uku, jirgi, da rabi da rabi, da cikakken mutum-mutumi, dattijon kuma ya zaɓi Gladiator cikin manyan na ƙasa da ake kira Destroid, baya tashi sama sai tafiya da ƙafa da dambe, yace shi ya fi yarda da abinda yake taka ƙasa.

Dokokin kam sai da haƙuri, gaskiya. Zagaye ɗaya na faɗa daƙiƙa 15 ne a cikin labari amma a tebur sai mu cinye rabin awa, kowa ya jefa dayis mai fuska 20 don kai hari, wanda aka kai wa ya jefa don kaucewa, sannan a lissafa ɓarna a cire daga hannu ko ƙafa ko gangar jikin injin don kowanne da lambarsa daban. Ɓarnar manyan makamai maki ɗaya daidai yake da maki 100 na ɓarnar da ake wa mutum, ma'ana in ka fito daga cikin ƙarfenka ko gefen harbi ya taɓa ka ka gama. In an harbo maka makamai masu linzami huɗu ko fiye a tare doka tace babu kaucewa, sai dai ka gwada harbo su a iska ko ka tare da hannun injin ka rasa hannun. Makon farko na sha buɗe shafuka ina neman doka ɗaya, yanzu na kwafe muhimman a kati biyu.

Asabar ta huɗu ce nake so na baka. Na shirya musu sintiri a bakin wani kogi, ni da kaina na ƙirƙiri wurin ba daga littafin ba, nace kun hango ɗaya daga motocin yaƙin Zentraedi mai ƙafa biyu kamar jimina ta kife a laka, ƙafa ɗaya ta karye, matuƙin yana zaune gefe ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito, yana ta ƙoƙarin ɗaure karyayyar ƙafar da jijiyar bishiya, in ya ɗaure ta kwance ya sake, bindigarsa na jingine nesa da hannunsa bai gan ku ba. Niyyata faɗa ne mai sauƙi kafin babban kwanton ɓaunar da na ɓoye a gaba. Ƙanin nas ɗin har ya ɗauki dayis, sai dattijon ya ɗaga hannu yace a dakata. Yayi shiru ya kai minti guda yana kallon takardarsa, sannan yace jaruminsa zai kashe makaman Gladiator ɗin, ya buɗe ƙofa ya sauko da akwatin sifana. Nace masa baba ka san in ya taka ka shikenan ko, yace ya sani, yace shekararsa ashirin yana gyaran mota kuma bai taɓa iya wuce mutumin da ke fama da inji shi kaɗai a bakin hanya ba.

Wallahi Sadisu ɗakin tsit yayi. Sauran suka yi ta gardama, nas ɗin tace in aka gyara masa gobe ƙauye zai je ya ƙona, kuma gaskiyarta ne don a zaman da ya wuce sun ga ƙauyen da aka ƙona an kwashe shanu, ɗan Yaman yace shi zai tsaya a sama ya saita shi in ya motsa ya harba. Ni kuma dole na zama wannan ƙaton, na yi magana da bakinsa, sai na rasa me zai ce, can nace yana kallon sifanar yana tambaya wane irin makami ne wannan. Dattijon yace ba makami bane, ya nuna masa yadda ake juya noti. Na sa aka jefa dayis, ya ci da ƙyar. Ba a gyara motar ba don sun cire mata bindigogi sun bar ta nan, amma ƙaton ya biyo su da ƙafa har sansani yana riƙe da wani ƙarfe yana kwaikwayon juyawa, kuma shi ya nuna musu inda 'yan uwansa suka yi kwanto, duk da haka faɗan ya ci hannun Veritech ɗaya kuma jarumin ƙanin nas ɗin bai dawo ba, yaron har idonsa ya kawo ruwa don wata guda yana gina shi.

Da na zo rabon maki sai na ga ashe jadawalin uwar littafin ya tanadi lada ga wanda ya kauce wa zubar da jinin da ba dole ba, da wanda ya sa ransa a haɗari don wasu, ba kisa kaɗai ake biya ba, na ji daɗin wannan sosai na ba dattijon nasa cif. Har yanzu ban yanke me zai faru da ƙaton ba. Kwamandan sansanin baya son sa, abincin da yake ci na mutum da yawa ne, 'yan uwansa na daji sun san shi ya tona su, kuma bai yarda a ƙanƙantar dashi ba tukuna, ni ma ina ganin bai kamata a tilasta masa ba.

Shi yasa na rubuto. Kai ne mai iya labari tun muna firamare, kuma kujera ɗaya ta rage tunda yaron yace sai ya huta sati biyu. Muna farawa ƙarfe 2 na rana a nan, wato ƙarfe 8 na dare a wajenku, in ka idar da isha'i sai ka shigo ta bidiyon WhatsApp mu jingina wayar a jikin fulas, ni zan tura maka kuɗin data. So nake ka karɓi ƙaton nan ka zama shi, don ni ina jan labari ina kuma magana da bakinsa abin yana min yawa kuma ina tausaya masa fiye da kima. Dayis ɗin ludo ba zai isa ba, akwai wani ɗan Funtuwa da zai taho gida ƙarshen wata zan bashi saiti ɗaya ya kawo maka da kwafin katin dokokin, kafin nan ni zan riƙa jefa maka. Ka fara tunanin sunan da zaka sa masa.

Ka gaishe min da Hajiya da kyau kace ina mata addu'a, ka shafa min kan yara, in ka ga yaya ka tambaye shi ko kaset ɗin nan yana nan cikin kayansa.

Naka har kullum,
Nafi'u