Wasiƙar Kirsimeti Zuwa Ga Baba Da Mama

Baba da Mama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Barkanmu da Kirsimeti. Ina fata kuna lafiya, ku da Kaka da Auta da dukan mutanen gida. Ni ma lafiyata ƙalau, sai kewarku da ta dame ni, balle ma yau.

Mama, ranar da muka yi waya kun ce muryata ba daidai take ba, na ce babu komai. Ku gafarce ni, akwai. Tun watan Oktoba aka rage mana kwanakin aiki. Takardar zamana kuma ta kusa ƙarewa, na nemi a sabunta, har yau shiru. Kullum in na dawo sai na tsaya gaban akwatin wasiƙu, makulli a hannu, gabana na faɗuwa kafin in buɗe. Da dare kuwa idona biyu, ina ta lissafin kuɗin haya da na makarantar Auta har gari ya waye.

A irin wannan daren ne na jawo Littafi Mai Tsarkin da kuka cusa mini a jaka, na buɗe Matiyu sura 2. Tun ina yaro nake jin labarin nan, amma ban taɓa lura da aya ta 13 ba. Mala'ika ya ce wa Yusufu ya tashi ya ɗauki jariri Yesu da uwarsa Maryamu su gudu Masar, ya zauna can sai an yi masa magana. Bai gaya masa wata nawa ba, bai kuma gaya masa inda zai sami aiki ba. Ga jariri, ga Sarki Hirudus yana nemansa ya kashe shi, wanda daga baya ya sa aka kashe yara maza 'yan shekara 2 zuwa ƙasa a Baitalami. Yusufu bai jira safiya ba, da daren ya kama hanya. Ashe Ubangijinmu ma ya yi zaman baƙunta a ƙasar da ba tasa ba. Na daɗe zaune a bakin gado ina maimaita wannan, hawaye na zuba.

Maryamu, Yusufu, makiyayan nan da mala'ika ya kai wa albishir na haihuwar Yesu, kowannensu sai da aka ce masa kada ya ji tsoro. Da ba su ji ba, ai da ba a faɗa ba. Wannan ya sauke mini nauyi, domin dā ina ganin tsorona kamar zunubin rashin bangaskiya ne. Dawuda ma a Zabura 56, lokacin da Filistiyawa suka kama shi a Gat, ya ce a ranar da ya ji tsoro zai dogara ga Allah. Ayar nan nake faɗa yanzu kafin in sa makullin. Gabana yakan faɗi har yanzu, amma ina samun barci.

Baba, don Allah kada ku sayar da komai saboda ni, kada kuma Kaka ta ji wannan magana. Abin da nake roƙo, in kun taru yin addu'ar dare ku ambaci sunana, ku roƙa mini haƙurin jira irin na Yusufu. Zan kira bayan an tashi sujada, ku bar wayar a hannun Auta don in ji muryar kowa.

Ɗanku mai kewarku.