Tsohon Kunkurun da Ya Hana Ni Barci

Kano, daren Alhamis.

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ya kasuwa, ya Guangzhou da mutanenta? Mu nan lafiya lau sai godiyar Allah. Na je na gaida Hajiya ranar Juma'ar da ta wuce, ƙafar ta yi sauƙi sosai, har ta fara fita barka da suna a unguwa. Ta ce in faɗa maka man shafawar da ka aiko ya kusa ƙarewa. Ƙafafun keken ɗinki da allurai sun iso, babu wanda ya karye, Allah ya saka da alheri.

Magana ce ta tsaya min a rai, na rasa wanda zan yi wa ita sai kai. A waya ba ta yiwuwa, don da na fara sai layi ya yanke, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ka tuna lokacin da muke tara 'yan kwabbai mu shiga gidan kallo don finafinan Chaina? Kai ka fi son faɗan ƙarshe, ni kuwa tsoho nake jira, malamin nan mai jan hanci da tsumma a jiki da gorar giya a hannu, wanda ya gasa wa Jackie Chan aya a hannu a Drunken Master. Fim ɗin 1978 ne, ya girme mu. Sai daga baya na san cewa tsohon, Yuen Siu-tien, mahaifin mai ba da umarnin fim ɗin ne, Yuen Woo-ping. To makon jiya yara suka dame ni sai na kalli katun tare da su, wai Kung Fu Panda, wanda kamfanin DreamWorks na Amurka ya fitar a 2008. Na zauna ina duba waya ina kallo da rabin ido, sai ga wani tsoho ya fito, na ajiye wayar.

Kunkuru ne, sunansa Oogway. Na ji an ce sunan daga kalmar kunkuru ta yaren mutanenku ya fito, wugui, kamar yadda sunan almajirinsa Shifu yake nufin malami. Don Allah ka tambayar min yaron da ke yi maka tafinta yadda suke furta ta. Tsoho ne tukuf, wuyansa na rawa, yana dogara sanda, maganarsa a hankali kamar mai gyangyaɗi, kullum da ɗan murmushi a bakinsa. A labarin shi ne ya ƙirƙiro kumfu gaba ɗaya. Amma farkon abin da ka ga yana yi shi ne hure kyandir ɗaya bayan ɗaya a ɗakin da ke cike da su, alhali ya kira Shifu ne don ya gaya masa mugun labari. Shifu ya ƙosa, ya kashe su duka da kaɗa hannu sau ɗaya. Yara suka fashe da dariya. Ni kuwa a nan na gane bambancin mutanen biyu tun kafin a buɗe baki.

Mugun labarin shi ne, Tai Lung zai tsere daga kurkuku. Damisa ce irin ta duwatsun ƙanƙara, shekara 20 yana ɗaure, karkanda 1,000 na gadinsa shi kaɗai. Sai a zaɓi jarumin da zai tare shi. Shifu yana da ɗalibai biyar da ya horar, damisa mace da biri da macijiya da ƙoƙi-ƙoƙi da tsuntsu mai dogayen ƙafafu, kowanne da salon faɗansa, kuma salon nan na gaske ne, akwai su a kumfu. Kowa ya ɗauka damisar za a nuna. Tsoho ya ɗaga yatsa, sai ga wani ƙaton fanda mai tumbi, dabbar nan ta Chaina mai fari da baƙi, ɗan mai sayar da taliya, ya faɗo daga sama a gabansa, don ya ɗaura wa kujera kayan wasan wuta ne ya tsallake katanga ya yi kallo. Kunkuru ya dubi wanda ya faɗo ya ce shi ne. Aka yi masa magiya, aka ce kuskure ne, ya ƙi janyewa.

Yara sun ɗauka fanda ne almajirin kunkuru. Na sake kallo ni kaɗai bayan sun kwanta, na ƙirga: sau ɗaya tak tsohon ya zauna ya yi wa fanda doguwar magana, daren da ya same shi a gindin bishiya ya cika kumatu da 'ya'yan itace saboda baƙin ciki. Bai koya masa ko naushi ɗaya ba. Duk wahalar da tsohon ke sha a kan Shifu yake shan ta, dattijon da ya riga ya zama malami, yana da suna, yana da ɗalibai, ba ya jin akwai sauran abin da zai koya.

Kuma Shifu yana da ciwo. Shi ya tsinci Tai Lung yana jariri a ƙofar makaranta, ya raine shi kamar ɗan cikinsa, ya cika masa kai da cewa shi ne magajin wata naɗaɗɗiyar takarda ta sirri da ake ba jarumin da aka zaɓa. Ranar da kunkuru ya dubi zuciyar yaron ya ce a'a, Shifu ya yi shiru, bai kare shi ba, bai kuma rarrashe shi ba. Yaro ya haukace ya yi ɓarna a gari, kunkuru ne ya tsayar da shi da 'yan taɓe-taɓen jijiya. Tun daga ranar Shifu ya rufe fuska. Ɗalibarsa damisa macen nan ta yi ta ƙoƙari tun tana ƙarama, bai taɓa ce mata madalla ba.

Aminina, ka san dalilin da ya sa na kasa barci. Ka san yaron nan da na ɗauka tun yana ɗan shekara goma sha biyu, wanda na koya wa yanka kafin sa'anninsa su iya sa maɓalli, nake nuna shi ga masu kawo ɗinki ina cewa wannan zai fi ni. Ka san yadda muka rabu. Shekara huɗu ke nan ban ambaci sunansa a shago ba. Abin da ban gaya maka ba shi ne yadda na koma bayan tafiyarsa. Yara shida ne a hannuna yanzu, kuma ban tuna ranar da na yaba wa ɗayansu ba. In aiki ya yi kyau in yi shiru, in ya karkace in warware shi a gaban kowa. Na kira wannan tarbiyya.

Wata uku da suka wuce Yaya ta kawo min ɗanta na uku, ta ce ya ƙi boko, in riƙe shi. Yaro ne mai jiki, mai sanyi, in ya hau keke layi ba ya miƙewa. Na mayar da shi kan guga da aike, ina jira ya gaji ya gudu da kansa. Haka Shifu ya yi wa fanda, ya sa aka yi ta jibgarsa don ya tafi. Da na ga haka a allo sai na ji kamar an kwarara min ruwan sanyi.

Wurin da ya fi kama ni shi ne zancen Shifu da kunkuru na ƙarshe a gindin bishiyar nan. Tao ce, wadda kake cewa mai gashi-gashi a jiki, na karanta cewa Sinawa na danganta ta da tsawon rai, kamar yadda suke danganta kunkuru. Shifu yana gardama cewa yana da iko, shi zai iya kakkaɓo 'ya'yan, shi zai zaɓi inda zai shuka ƙwallon. Tsoho ya yarda da hakan, amma ya tuna masa cewa ko ina ya binne shi tao zai fito, ko da lemo yake so. Ya roƙe shi ya yarda da fanda, ya miƙa masa sandarsa, ya ɓace cikin furanni. Autata ta tambaye ni ko haka ake mutuwa, na ce a'a, wannan tatsuniyarsu ce, mu an koya mana yadda abin yake.

Sai dai ina da ƙorafi a kan tsohon, ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba. Ya tafi a daren da aka fi bukatarsa, daidai lokacin da labarin tserewar Tai Lung ya iso. Kuma tun farko, in ya hango duhu a zuciyar Tai Lung, me ya hana shi jan Shifu gefe tun da sauran lokaci? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya bari sai ranar da yaro ya miƙo hannu sannan ya girgiza kai. Wannan ya yi tsauri. Na yi ta juya abin, iyakar uzurin da na samar masa shi ne, da yana nan, Shifu ba zai taɓa duban fanda da idon kansa ba, kullum zai jira babba ya gyara. Bayan tafiyarsa ne Shifu ya shiga ɗakin girki ya tarar da ƙaton nan ya haye can saman kanta, ƙafafu a ware, yana cin biskit ɗin biri, abin da duka bai sa ya iya ba. Daga nan ya canza hanya, ya horar da shi da kwanon abinci da tsinkayen cin abinci.

Washegari na zauna a shago ban ce wa kowa komai ba, ina kallon ɗan Yaya. Kwana uku ina haka. Ashe in mai ɗinki ya zo, yaron nan daga gefe yake faɗa wa ɗan'uwansa a hankali yadin da zai ishe shi, kuma in na sa tef sai in tarar bai yi nisa ba. Zare kuwa, cikin kwali guda zai zaro wanda ya hau shadda ba tare da ya gwada biyu ba. Wata uku yana gabana ban gani ba. Ranar Litinin na ba shi tef da littafin awo, na ce daga yau shi zai riƙa aunawa ina tsaye. Hannunsa na rawa a na farko. A na uku na ce masa ya yi daidai, sauran yaran duk suka ɗago kai suka dube ni.

Wancan yaron da muka rabu kuma, na ji yana da shago a Kaduna yanzu. Lambarsa tana wayata, na buɗe ta sau biyu na rufe. Kai ka san mu duka biyun, kuma yana jin maganarka. Ka ba ni shawara, in kira ko in je da ƙafata bayan Sallah?

In za ka haɗo kaya na gaba ka sa min almakashi babba guda biyu da tef mai kyau, na yaron nake so, nasa na kansa. Uwargida tana gaishe ka, yara suna tambaya ko ka taɓa ganin fanda da idonka. Ka gaida mutanen masaukinku.

Naka har kullum,
Amininka na Kano